Kama Da Wane: Malamin Da Ke Tara Ƙwarin Roba A Jos

Kowane ɗan Adam da irin abin da zuciyarsa ta ke son tarawa. Wani tattabaru ya ke tarawa, wani kan sarki, wani tsofaffin kuɗi irin su anini da taro da sisi, wani kuwa littattafai ne har su cinye masa ɗaki. Duk waɗannan ba wanda zai ji ya yi mamaki. Amma a cikin garin Jos, a wata unguwa da ke gangaren kogin Dilimi, akwai wani dattijo, tsohon malamin makarantar firamare, wanda ya haura shekara 50 yana tara abubuwan da in mutum ya gan su a tsakar gida sai ya rarumi takalmi ko sanda, watau kunamu, da gizo-gizo, da buzuzu, da ƙaguwa, da ƙadangaru, da macizai. Sai dai duk cikinsu babu mai numfashi. Akasarinsu na roba ne, kaɗan na ƙarfe, kuma an ƙera su ne domin yara su yi wasa. Yaran unguwa sun raɗa masa Malam mai ƙwari, shi kuwa in sun kira sai ya amsa.

Mahaifinsa yana cikin dubban mutanen da haƙar kuza ta jawo su kan tudun Jos a zamanin Turawa. Daga ƙasar Kano ya taso, ya yi lebura na ɗan lokaci, daga baya ya sami aikin kuku a gidan wani Baturen kamfani a Bukuru. Sa'ad da Baturen nan ya tashi komawa gida, sai ya bar wa ma'aikatansa tarkacen da bai ga dalilin ɗauka ba, a ciki har da wani kwali na kayan wasan ɗansa. Abin da ya faɗo hannun yaron kuku, a lokacin yana ɗan shekara goma, shi ne wata koriyar fara ta roba, tsawonta ya kai tafin hannu. Da wani yaron ne, da sai ya tsorata ƙannensa da ita kwana biyu ya yar. Shi kuwa sai ya shiga ciyawar bayan gida ya kamo babe, ya ajiye su kusa da juna, ya dinga dubawa. Ya ƙirga ƙafafu ya ga shida nan shida can. Ya ga ƙayoyin da ke jere a ƙafar baya duk an fitar da su. Amma da ya ɗaga fiffiken baben sai ya ga akwai wani a ƙarƙashi, siriri kamar takardar sigari, a naɗe kamar mafici, ta robar kuwa fiffikenta a manne ya ke da jiki. Ya yi shekara goma yana cin fara da yaji, bai taɓa sanin fiffikenta huɗu ba sai ran nan.

Tun daga wannan rana ya kafa wa kansa ƙa'idar da har yanzu bai saɓa ba: duk abin da ya shigo hannunsa sai ya gwada shi da mai rai, ko kuwa da hoton mai rai, kafin ya ba shi wuri a akwati. Gwajin farko ƙirga ne. Bahaushe dai duk ƙaramin abin da ke rarrafe ƙwaro ya ke ce masa, amma masana halittu sun rarrabe. Ƙwaro na ainihi, kamar fara da ƙuda da zanzaro da kyankyaso, ƙafarsa shida ce, jikinsa kuma kashi uku, kai da ƙirji da ciki. Kunama da gizo-gizo da kaska ƙafa takwas gare su, ita kunama ban da awartakinta biyu. Ƙaguwa da jatan lande goma ne in an haɗa da awartaki. Shanshani ƙafa biyu gare shi a kowace gaɓa, ƙadandoniya kuwa huɗu. To, da wannan ɗan lissafi kaɗai Malam ya ke kayar da fiye da rabin abin da ake kawo masa. Sau da yawa a kawo kunama baƙa wuluk mai ban tsoro, a ƙirga a ga ƙafa shida. A kawo gizo-gizo an dasa masa ƙahonni irin na kyankyaso. A kawo maciji an cika masa baki da fiƙoƙi sama da ƙasa kamar kare. Irin waɗannan ba ya zubar da su, akwai wani tsohon gwangwanin madara da ya ke jefa su ciki, wanda ya ke kira gwangwanin maƙaryata, kuma yara sun fi son sa da duk sauran akwatunan, domin a nan ne ake ba su dama su kama babba da laifi.

Gwaji na biyu ya fi wuya, domin na zama da tsayuwa ne. Hawainiyarsa da ya fi alfahari da ita an yi yatsunta daidai, a haɗe biyu gefe guda uku gefe guda, kamar hantsaki, idanunta kuma kowanne yana duban gabansa. Yana da ƙadangare mai jan kai wanda aka ɗaga masa ƙirji kamar yanzu zai gyaɗa kai a kan katanga. In mai ƙira ya taɓa zama ya kalli abin da ya ke kwaikwayo, in ji Malam, a tsayuwar abin ake ganewa, in kuwa daga hoton wani ya kwafa, sai ka ga ƙadangare ya kwanta shame-shame kamar wanda mota ta taka.

A da, babbar kasuwar Taminus ita ce mafarautarsa, har zuwa watan Fabrairu na 2002 da gobara ta cinye ta. Daga nan ya koma wa 'yan gwanjo na kasuwar Katako, waɗanda in sun ɓalle dila su kan tarar da kayan wasan yaran Turai a cakuɗe da takalma da jakunkuna. Sun san shi, su kan ware masa duk mai ƙafafu da yawa, kuma da ya ke ba mai sayen irin wannan kaya sai shi, cinikin ba ya tsawo. A ƙarƙashin cikin kowanne akwai sunan kamfani, ta haka ya san Schleich na Jamus, wanda aka kafa a 1935, da Safari na Amurka, wanda ya fara a 1982. Daga baya da wani jikansa ya nuna masa a wayar hannu, sai ya gane ashe sarakunan wannan sana'a mutanen Japan ne. A 1999 kamfanin Kaiyodo ya fara ƙera 'yan ƙananan dabbobin ƙasarsu ana sa su a cikin ƙwan cakulan, manya da gemunsu su ka dinga saye domin abin da ke ciki. A 2018 kuma kamfanin Bandai ya fito da wani ɗan ƙwaro mai dunƙulewa, an ninka girmansa sau 10, gaɓoɓinsa suna motsi har ya dunƙule kamar ƙwallo. Wannan dai Malam a waya kawai ya gan shi, kuɗin fansho bai kai can ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sha'awa baƙuwa ce da Turawa su ka kawo. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, tushensa ma siffofin yumɓu ne da masu haƙar kuza su ka tono. An fara samun su a 1928 kusa da ƙauyen Nok, sa'an nan a 1943 aka sami wani kan mutum na yumɓu a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kai gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi, kafin labari ya kai kunnen Fagg. Mutanen Nok, waɗanda aikinsu ya haura shekara 2,000, sun gina giwa da biri da maciji. A Igbo-Ukwu, inda Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 da 1960, an sami kayan tagulla na ƙarni na 9 waɗanda aka yi wa ado da ƙudaje da fari da buzuzu, kai ka ce yanzu su ka sauka a kai. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da kunama da ƙadangare da kada da hawainiya ta ke ƙawata tukwanenta. A can Japan ma, da zaman lafiya ya daɗe aka daina sayen sulke, maƙeran sulken sai su ka koma ƙera jatan lande da macizai na ƙarfe masu lanƙwasa gaɓa-gaɓa, kuma akwai aikin wani maƙerinsu, Myochin Muneaki, mai ɗauke da shekarar 1713, a gidan tarihi na Tokyo. A Balin ta Jamus wani mai suna Alfred Keller ya ƙera ƙuda a 1932, ya ninka girmansa sau 50, ya dasa masa gashi 2,653 ɗaya bayan ɗaya.

Amma duk cikin waɗannan, aikin da ya fi kama hankalin Malam shi ne na maƙeran Asante, a ƙasar Gana ta yanzu. Su mutanen Asante da garin zinariya su ke ciniki kafin kuɗin Turawa, saboda haka kowane attajiri yana da 'yan duwatsun awo na tagulla. Akasari da kakin zuma ake fara gina siffar, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa, kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. To, wani lokaci sai maƙerin ya ga ba dalilin wahalar da kansa da kaki, ya ɗauko buzuzun kansa, ko fara, ko awartakin ƙaguwa, ko ƙwayar gyaɗa da ɓawonta, ya lulluɓe da yumɓu mai laushi ya sa a wuta. Ƙwaron ya ƙone ya zama toka, a karkaɗe, a zuba tagulla. Abin da zai fito ba sauran ƙarya a cikinsa, ko tsagar da ke bayan buzuzu tana nan. Malam ya karanta wannan tun yana kwalejin horon malamai, ya ajiye shi a ransa shekara da shekaru bai san ranar amfaninsa ba.

A aji kuwa, kayan nan sun yi masa aikin da allo bai yi ba. Yaro ba zai tsaya ya ƙirga ƙafar kunama mai rai ba, kuma ba malami mai hankali da zai sa shi. Matatta kuwa ta kan ƙanƙance, ƙafafun su karye, kiyashi su kwashe saura. Ta roba ita ce za a miƙa daga hannu zuwa hannu yara 60 su taɓa ba a yi kuka ba. Abokinsa na ƙut da ƙut, wani Birom wanda ya yi aiki a ɗakin bincike a Vom, garin da aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, shi ya kan yi masa dariya, ya ce masa, "Abokina, kai fa da gumaka ka ke koyarwa, mu da gawa mu ke koyarwa." Shi ne ya nuna masa yadda ake gane tsando, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu: in ya sauka fikafikansa a haɗe su ke ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi, kuma a tsakiyar fiffiken jijiyoyi sun zana siffar ɗan gatari. Bayan rikicin da ya tashi ran 7 ga Satumba 2001, da waɗanda su ka biyo baya a 2008 da 2010, gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, ziyarar gida ta yanke tsakaninsu. Sai su ka mai da harabar gidan tarihi, kusa da gidan namun daji, ta zama mahaɗarsu. A ƙaurar da Malam ya yi a 2001 akwati ɗaya daga cikin uku ya salwanta, kuma farar nan ta farko tana ciki. Ba ya son a ta da zancen, ya kan ce waɗansu 'ya'ya su ka rasa.

Ba a raba irin wannan sha'awa da tsegumi. An ce asiri ne, an ce da su ya ke kiwon aljanu, har wata tsohuwa ta taɓa zuwa da asuba tana roƙon ya ba ta maganin harbin kunama, da ya ce ba shi da shi ta tafi tana cewa rowa ce. Uwargidansa ta haƙura da su bisa sharaɗi guda, kada ko ɗaya ya ƙetare zaure. Ranar da aka karya wannan sharaɗi kuwa ba a ji da daɗi ba. Wani ɗan maƙwabta ya saci baƙin maciji na roba ya wurga shi tsakiyar mata ana taron suna. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi, balle wannan da aka ƙera shi musamman domin ya ruɗi ido. Aka watse, aka tattake tuwo, wata dattijuwa ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Malam ne ya biya mai ɗori, ya kuma bi gida-gida yana ba da haƙuri, ko da ya ke ba shi ya jefa ba.

Wannan ta wuce da dariya daga baya, amma ta bar masa wani tunani da ya fi ta nauyi. In abin roba yana iya sa babba ya gudu, ashe yana iya sa yaro ya ƙi gudu. Yaron da ya saba ɗaukar maciji a aji yana shafawa, ran da ya ga na gaske a kwance a gindin dutse me zai hana shi kai hannu? Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma duk mai cewa kayan wasa ba su da illa bai zauna da yara ba. Tun daga lokacin Malam ya canja tsari. Ƙwari da ƙaguwa da kunkuru a taɓa, amma maciji ko na roba ne ba a kai masa hannu, da tsinke ake nuna shi daga nesa, kuma darasin farko da na ƙarshe shi ne a ja da baya a kira babba.

Sai kuma maganar da ta fi kowace hana shi barci, watau ta addini. Malam mutum ne mai sallah a sahun farko, kuma ya san hadisan da su ka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, da waɗanda su ka nuna mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da ta ke. Shekarunsa na ƙuruciya ya yi su yana kau da kai, amma da furfura ta fara fitowa sai ya ɗauki hawainiyar nan a aljihu ya tafi wurin malamin da ya ke ɗaukar karatu a zaurensa. Bayan almajirai sun watse ya fito da ita ya ajiye a kan buzu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da ya kawo ni. Ina da irinta fiye da 300."

Malamin ya juya ta, ya duba cikinta, ya yi murmushi. Ya bayyana masa cewa a mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne siffar abu mai rai wadda ta ke da inuwa, watau mai jiki, in gaɓoɓinta sun cika. An yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, domin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yi wasa da irinsu a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da wani doki mai fikafikai, bai hana ta ba. Ya ce waɗansu malaman zamani sun faɗaɗa rangwamen ya haɗa da abin da ake koyarwa da shi, waɗansu kuma sun tsaya inda magabata su ka tsaya. Sa'an nan ya ce, "In kana son ka fita daga saɓani, Malam, abu ne mai sauƙi. Siffar da ta rasa wata gaɓa hukuncinta ya sauka. Ka sa wuƙa ka rage wa kowace wani abu."

Malam ya yi godiya ya tashi, amma ya koma gida da nauyin da ya fi wanda ya zo da shi. Mutumin da ya yi shekara 40 yana jefa kunama a gwangwani saboda ta rasa ƙafa biyu, yau shi aka ce ya sa wuƙa da hannunsa. Abin da shari'a ta ke ganin aibi, watau cikar kama, shi ne ainihin abin da ya ke nema. Ya ɗauki reza ya zauna gaban akwati har aka kira la'asar bai yanke ko ɗaya ba. Abin da ya iya yi shi ne ya fitar da su daga ɗakin da ya ke kwana ya ke nafila, ya kulle su a akwatunan ƙarfe a ɗan ɗakin zaure, ya daina jera su a kan kanta domin ado, ba ya buɗewa sai yara sun zo. Ya riƙi fatawar masu rangwame, yana kuma yawaita istigfari saboda ta masu tsanantawa. Mai son ya ce wannan rabin tuba ne yana iya faɗa, shi ma Malam ba ya musun haka.

Duk da yawan nan na kayansa, akwai gurbin da ya kasa cikewa, kuma shi ne ya fi ci masa rai. Yana da macijin Amurka mai kacau-kacau a wutsiya har guda huɗu. Yana da gamsheƙar Indiya, da kadan Misira, da manyan buzuzun Japan masu ƙaho. Amma cikin shekara 50 na tonon gwanjo bai taɓa cin karo da kububuwa ba, wadda ake kira gobe da nisa, alhali kuwa ita ce macijiyar da ta fi kowace kashe mutane a dazuzzukan arewacin Nijeriya. Dalilin a fili ya ke. Kamfani abin da yaran masu saye su ka sani ya ke ƙerawa, yaron da kububuwa ke sara kuwa ba shi da kuɗin kayan wasa, yana gona da fartanya.

Ita kububuwa 'yar ƙarama ce, da wuya ta wuce santimita 60, launinta na ƙasa, shi ya sa ake taka ta. In ta ji motsi sai ta naɗe tana goga jikinta da juna, ya ba da wani sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya ga kamar ya warke, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da tsofaffin miyaku. Likita David Warrell ya yi bincike a kan sararta sa'ad da ya ke aiki a Zariya a shekarun 1970. Ta fi yawa a ƙasan tudu inda zafi ya ke, wajajen Langtang da Shendam da Wase, har zuwa Kaltungo ta Jihar Gombe inda akwai asibiti musamman na saran maciji, kuma asibitin Zamko a ƙasar Langtang ya kan cika da waɗanda ta sara lokacin shuka da lokacin girbi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya. Abin mamaki kuma, akwai wani maciji mai haɗiyar ƙwan tsuntsaye, wanda ba shi da dafi ko kaɗan, da ya kwaikwayi zanenta da wannan gugar jiki tata domin a ji tsoronsa. Kama da wane ba ta wane, amma Malam ya kan gaya wa yara kada su tsaya rarrabewa, wannan aikin likita ne.

Da ya tabbata ba mai ƙera masa ita, sai dabarar maƙeran Asante ta faɗo masa. Wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Langtang ya aiko masa da wadda manoma su ka kashe ba su farfasa kanta ba, a cikin kwalba an zuba mata sinadarin da ke hana ruɓa. Abokinsa na Vom ya gargaɗe shi cewa haƙorin mataccen maciji ma yana da dafi, saboda haka da hantsaki aka yi aikin. Ya nemi wani saurayi mai aikin silin filasta, wanda da ya ga abin da ke cikin kwalbar ya ja da baya ya ce, "Baba, ni fa fure na ke zubawa da tauraro." Da ƙyar da ƙarin kuɗi ya yarda. Su ka naɗe ta yadda ta ke naɗewa in za ta yi sara, su ka kwantar da ita a kan yumɓu, su ka shafe ta da mai, su ka kwarara filasta a kai. Zubi na farko ya fashe, na biyu iska ta shiga ta ɓata kan. Na uku ya fito da kowane ɓawo na jikinta, har da ɗan tudun da ke tsakiyar kowanne, wanda shi ne ke ba da sautin nan.

Da ya ke ta sama kaɗai aka zuba, abin da aka samu rabin macijiya ne, ba ta da ciki, a manne ta ke da katako. Malam ya kai wa malaminsa ya gani. Malamin ya shafa ƙarƙashin katakon ya ce wannan ta fi hawainiya sauƙi, ya kuma tambaya ko za a sami guda domin makarantar allo, da ya ke almajiransa su kan tafi ƙauye aikin gona da damina.

Saura launi, a nan kuwa mazubi ba shi da taimako, domin macijiyar kwalba ta riga ta koɗe ta zama kamar tsohuwar igiya. Malam ya yi fenti daga hoton littafi, ya shiga mota ya gangara ta Mangu da Pankshin ya kai wa ɗalibin nasa. Aka ajiye katakon a gindin bishiya a harabar makaranta, kafin yara su taru sai ga iyayensu sun dawo daga gona sun kewaye shi. Ba wanda ya tsorata. Wani manomi da ya rasa yatsu biyu a hannun hagu ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Baba Malam, jikin nata ne, amma rigar ba tata ba ce. Ka yi ta da ja da yawa. Tamu ta fi haka toka-toka, kuma fararen ɗigon nan na gefe ƙanana ne, kowanne da baƙi kewaye da shi kamar ido." Wata mata ta ce a ƙasarsu ta can bakin dutse ja-ja ce, yadda Malam ya yi ta daidai ne. Gardama ta kaure, aka kira wani tsoho ya raba, shi kuma ya ce duka biyun akwai, kowace da launin ƙasar da ta ke kwance a kai.

Malam ya fito da littafinsa ya rubuta duk abin da kowa ya faɗa, ya kuma sa yara su ka ɗebo masa ƙasa daga gonaki uku ya ƙulle a leda dabam-dabam, domin ya haɗa fenti da ita a gabansa. Mazubin yana nan, kuma mai silin ya ce in dai filasta da katako na Malam ne, zai zuba masa guda 12 kafin ruwan shuka ya sauka.